A Koya Wa Ɗaliban Jami'a Shugabanci, Amma A Fara Da Littafin Ma'aji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake yi ta koyar da shugabanci a cikin karatun digiri na farko. Ni ba malamin jami'a ba ne. Aikin binciken kuɗi na yi a ƙananan hukumomi har na ajiye aiki, wato ina cikin mutanen nan da ake ce wa odita, waɗanda in motarsu ta shigo sakatariya sai ka ga ma'aji ya tashi neman makullin kabad. Daga wannan kujerar zan yi magana.

Ina goyon bayan a koyar, ɗari bisa ɗari. Abin da ke ba ni tsoro shi ne irin koyarwar da na san za a yi in ba a yi hattara ba.

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS. Ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a karantar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Cikin kwasa-kwasan da aka wajabta wa kowa akwai na Turanci, da na al'ummomin Najeriya da al'adunsu, da na falsafa, da na zaman lafiya da sasanta rikici, sai biyu na sana'a da kafa kasuwanci. Ke nan jami'ar da ke son koyar da shugabanci ba ta da uzurin cewa Abuja ta ɗaure mata hannu. Sai dai duk mai ɗa a jami'ar gwamnati ya san yadda ake yin waɗannan kwasa-kwasai na bai-ɗaya. Ɗaki guda, ɗalibai maƙil, wasu a kan taga, wasu a tsaye a baranda, malami na fama da lasifikar da in an ɗauke wuta shi ke nan lakca ta ƙare. Ana saura mako guda jarrabawa a sayi tambayoyin bara a shagon kwafi, a haddace, a je gaban kwamfuta a danna A ko B. Darasin sana'a da aka wajabta tun zamanin Obasanjo mun ga yadda ta kaya da shi. Babban ɗana ya yi. Sabulun ruwa rukuninsu ya haɗa, a gaskiya ma mutum uku ne suka haɗa, sauran suka ba da kuɗi aka sa sunayensu. In aka bi da shugabanci ta wannan hanya, yaro zai haddace cewa akwai shugaba ɗan kama-karya, akwai mai shawara da jama'a, akwai mai sakin ragama kowa ya yi yadda ya so, ya ci maki 70, ya fita bai taɓa jagorantar zaman mutum goma ba.

Alhali kuwa, Malam Edita, tun tuni ake koyar da shugabanci a jami'o'inmu, kuma darasin na shiga jiki sosai. Ajin da ake yin sa shi ne ƙungiyoyin ɗalibai: ta jami'a baki ɗaya, ta tsangaya, ta sashe, ta 'yan jiha, ta 'yan ƙaramar hukuma. Malaman wannan aji su ne 'yan siyasa da tsofaffin kwamared. Ka shiga jami'a lokacin zaɓen ɗalibai ka ga fastoci har a jikin bishiya. Yaron da bai kai shekara 22 ba ana ce masa Honorabul, wani Sanata, wani Kakaki. Shugaba na da mai taimaka masa na musamman kan yaɗa labarai, yana da mai riƙe masa waya. Kuɗin fastar daga aljihun wani babba a gari ya fito, kuma yaron ya san ranar biya na zuwa. Ƙuri'a kuwa ba a tambayar me za ka yi, ana tambayar ɗan ina ne, a wane masallaci ko coci yake ibada. Shekara huɗu yana cikin wannan, sai mu yi mamaki in ya zama kansila ya fara da sayen jiniya.

Bari in ba ka abin da na gani a ɗakina. 'Yata tana aji uku aka zaɓe ta sakatariyar kuɗi ta ƙungiyar sashensu. Ba zan faɗi jami'ar ba, don abin ba na jami'a ɗaya ba ne. Da ta zo hutu sai ta ajiye mini baƙar leda ta ce, "Baba, ga abin da aka miƙa mini." A ciki akwai littafin rasit da aka yage har da kwafin da ya kamata ya zauna, da wasu takardu da aka ciro daga littafin rubutu an jera sunaye, wasu da alamar biya wasu babu, da katin gayyatar liyafar bara. Ba takardar miƙa aiki, ba bayanin ko zama ɗaya. Kowane ɗalibi na biyan naira 1,500 a shekara, kuma kuɗin asusun tsohon shugaba na ƙashin kansa suke shiga. Shi kuma ya gama ya tafi bautar ƙasa.

Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarma, na aika aka sayo babban littafi mai bangon kwali, na ba ta rula ta ja layuka: kwanan wata, daga wa ko zuwa ga wa, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Na ce mata kowane rasit ya zama da lamba, kwafinsa ya zauna a littafi. Ko naira 200 ce kada ta fita sai da takarda mai sa hannun mutum biyu. Ƙarshen kowane wata ta ɗauki hoton shafin ta sa a zauren WhatsApp na sashe kowa ya gani. Iyakar karatun ke nan, bai kai awa biyu ba.

Da ta koma, kafin zango ya ƙare an laƙaba mata Hajiya EFCC. Shugaban ya daina amsa gaisuwarta. Rikicin ya kai ƙarshe lokacin liyafar shekara, da shugaban ya ce a cire kuɗi mai kauri a buga wa wani ɗan siyasa lambar yabo, wai zai ba da gudummawa. Ta ce ba za ta sa hannu ba sai babban taro ya amince. Aka kira taro, aka yi hayaniya, masu goyon bayan shugaba suka fi yawa. Ta sa hannu, tunda taro ya yanke, ta rubuta adadin da ranar da sunan mai buga lambar. Wannan littafi shi ta miƙa wa wadda ta gaje ta. A duk tsawon shekarar babu malami ɗaya da ya buɗe shi. Malamin da aka ce shi ne mai ba ƙungiyar shawara ranar liyafa kaɗai aka gan shi, a kan babban teburi. A takardar sakamakonta babu ko maki ɗaya na wannan aiki, alhali ni a ganina babu kwas ɗin da ya gina ta kamarsa. A nan ta koyi ce wa aboki a'a, ta koyi bin hukuncin taro ko bai yi mata daɗi ba, ta koyi barin shaida a rubuce.

Wani zai ce ai wannan aikin akawu ne, ina ruwansa da shugabanci. To ni na ga inda rashinsa ke kai mutum. Yawancin matasan da na rubuta wa takardar tuhuma a rayuwar aikina ba ɓarayi ba ne ranar da suka fara aiki. Yaro ne ya fito da digiri mai kyau, an ɗora shi kan wani sashe, ƙarƙashinsa akwai akawun da ya girmi ubansa. Ranar Alhamis ana dab da tashi a kawo masa bauca, wato takardar biyan kuɗi, a ce, "Oga, sa hannu kawai, Ciyaman na jira." Ya sa. Bayan shekara biyu mu zo mu tarar an biya kuɗin kwalbati, mu je wurin mu ga rami da ciyawa. In ce masa, "Ka je ka ga aikin kafin ka sa hannu?" Ya ce, "Ba a ce in je ba." Kuma gaskiya yake faɗa. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa sa hannu shaida ce, kuma yana da damar cewa a bari sai Litinin. In ya yi haka sau uku bai ga abin da ya same shi ba, a na huɗu sai ya tambayi nasa kason.

Kuma wannan bai tsaya kan 'yan kimiyyar siyasa ko harkokin mulki ba. Sabon likita ana tura shi asibitin karkara ya zama shi ne babba, ma'aikata da ɗakin magani da man janareta duk a wuyansa. Injiniya zai duba aikin ɗan kwangilar da ya fi shi kusa da gwamna. Malamar makaranta za ta wayi gari kuɗin jarrabawar yara na hannunta. Tun da aka sa hannu kan dokar rage shekarun takara a watan Mayu na 2018, ɗan shekara 25 na iya shiga majalisar jiha ko ta wakilai, wato wanda ya gama bautar ƙasa bara. Mu kuwa sai mutum ya yi furfura a aiki muke tura shi Kuru, cibiyar nan ta nazarin manufofi da aka kafa a 1979, ya koyi shugabanci, lokacin da hali ya riga ya zauna.

Magabatanmu da muke yawan ambato ba a lakca kaɗai suka samu ba. Sardauna ya gama Kwalejin Katsina ya koyar a Sakkwato, a 1934 aka ba shi hakimcin Rabah yana ɗan shekara 24 ko kusa da haka, haraji da jangali suka dawo hannunsa. Shi kansa sai da aka kai shi gaban shari'a a kan kuɗin jangali a farkon shekarun 1940, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. Ko ba komai, a lokacin ana tambayar hakimi lissafi. Malam Aminu Kano bai cika shekara 30 ba ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Cibiyar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya daga makarantar horar da akawuna ta faro a 1947, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma aikinta na farko shi ne koya wa ma'aikata riƙe littafi da fayil. Waɗanda suka kafa ta sun san daga inda mulki ke lalacewa.

Shawarata ga majalisun malaman jami'o'i ita ce su ɗauki ƙungiyoyin ɗalibai a matsayin aji, su ba aikin cikinsu maki daga cikin kashi 30 ɗin nan. Duk ƙungiyar da ke karɓar kuɗin ɗalibai ta buɗe asusu da sunanta, ta gabatar da kasafi a farkon shekara, ta karanta lissafi a gaban taro a ƙarshenta. 'Yan ajin ƙarshe na sashen akanta su binciki littattafan, a ba su maki a kan rahotonsu. 'Yan sashen shari'a su duba kundin tsarin ƙungiyoyin, su zauna sauraron ƙarar zaɓe. Wanda bai bar takardar miƙa aiki ba kada a sa masa hannu a takardar sallama, kamar yadda ake hana wanda bai mayar da littafin laburare ba. Tunda ba kowa zai riƙe muƙami ba, a raba kowane aji rukuni-rukuni na mutum 10 ko 15, a ba su ƙaramin aiki na gaske mai ɗan kuɗi a ciki, gyaran famfon ɗakin kwana ne, koyar da yaran firamaren da ke maƙwabtaka ne, shugabancin rukuni kuma ya riƙa zagayawa. Kowa ya ɗanɗani kiran zama mutane su ƙi zuwa. Kowa ya rubuta bayanin zama a karanta a ce masa ba haka aka ce ba. A nan zan sa baki kan 'yan mata: a daina ajiye su a kujerar walwala da rabon abinci. A ƙasar da Nana Asma'u ta naɗa jajis, wato jagororin mata, ta tura su ƙauyuka suna jagorantar karatun mata, bai kamata a ce mace ba za ta iya riƙe zaman mutum 15 ba.

Ba na cewa a bar karatu. A karanta, amma a fara da abin da ke gida. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban sarauta tun ƙarni na 15, yana ta nanata masa cewa tushen bala'i shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa, ya kuma ce a san abin da ma'aikaci ya mallaka kafin a naɗa shi, a riƙa sa masa ido. Wannan fa shi ne bayyana kadarorin da Jadawali na Biyar na tsarin mulkin 1999 ya wajabta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya jera abubuwan da ya ƙi a mulkin sarakunan zamaninsa da sunayensu na Hausa, har da gaisuwar da ake kai wa mai mulki. Malam Abdullahi na Gwandu a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami bisa roƙon mutanen garin, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta Usulus Siyasa. Jami'a ta kowa ce, saboda haka a karanta waɗannan a matsayin tarihin mulki, a haɗa da yadda majalisar Oyo Mesi ke taka wa Alafin burki a ƙasar Yarabawa, a haɗa da dokar bayar da kwangila ta 2007 da ta 'yancin samun bayanai ta 2011. Yaro ya karanta nasihar Magili da safe, da yamma ya je ya tambayi shugaban ƙungiyarsa ina rasit. Gidan Mambayya a Kano da Gidan Arewa a Kaduna duk ƙarƙashin jami'o'i suke, suna da takardu da masanan da za su tsara wannan cikin sauƙi.

A Ghana akwai Jami'ar Ashesi da Patrick Awuah ya kafa a 2002, inda kowane ɗalibi, ko injiniya yake karanta ko kwamfuta, sai ya bi jerin darussan shugabanci. A 2008 ɗalibanta suka amince da tsarin rubuta jarrabawa ba mai tsaro, kowa na da alhakin kansa da na ɗan'uwansa. Na san ƙaramar jami'a ce mai zaman kanta, ba za a gwada ta da namu masu dubun-dubatar ɗalibai ba. Abin ɗauka a wurinsu shi ne sun damƙa wa yara amana ta gaske tun suna makaranta.

Na san abin da za a ce. Za a ce malamai aiki ya yi musu yawa, albashi bai kai ba, a 2022 wata takwas aka yi ana yajin aiki. Gaskiya ne, shi ya sa ban kawo abin da ke buƙatar sabon gini ko sabon farfesa ba. Za a ce mulki na Allah ne, Shi ke ba wanda Ya so. Haka ne. Lafiya ma ta Allah ce, amma ba mu fasa tura yara karatun likita ba.

Babbar matsalar tana wurin hukumomin jami'a da kansu, don tsoron ƙungiyar ɗalibai suke yi, kuma tsoron na da tarihi. A 1978 zanga-zangar ƙarin kuɗin abinci da ɗakin kwana, wadda aka yi wa laƙabi da sunan Kanal Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin, ta ci rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A watan Mayu na 1986 aka sake zubar da jini a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Tun daga nan dabarar da aka saba ita ce da an ji motsi a rushe ƙungiya a naɗa kwamitin riƙo, a zaɓo yara masu ladabi waɗanda ba sa tambaya. To wannan ma darasi ne, kuma yara na ɗauka: kujera daga sama take zuwa, wanda za ka faranta wa shi ne wanda ya naɗa ka. Mu da muka yi aiki a ƙananan hukumomi ƙarƙashin kantomomi mun san ƙarshen wannan tarbiyya. Sannan jami'ar da za ta ce wa ɗalibi ya karanta lissafi a gaban taro, ita ma sai ta manna a allo abin da ta tara na kuɗin wasanni da na asibiti da na katin shaida, da inda suka tafi. Ɗalibin da ya ga an sayar masa da takardun lakca dole, ko sakamakonsa ya ɓata ya yi wata uku yana zarya ba wanda ya ce masa yi haƙuri, ba zai yarda da abin da aka karanta masa kan adalci ba.

Ba sai an jira dukkan jami'o'i sun yarda ba. Shugaban sashe ɗaya ya isa ya gwada a shekarar karatu mai zuwa, ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya ce wa ƙungiyar sashensa ta kawo littafinta ya gani. Ni yanzu ba aikin fari balle na baƙi, sai kai jikoki makaranta. Wanda ya ga zai gwada ya aiko ta hannun Edita, zan zo da kuɗin motata in zauna da ma'ajin yara da sakatarensu mu ja layukan tare. Akwai tsofaffin oditoci da sakatarori irina a kusan kowane garin da ke da jami'a, kuma da yawansu za su amsa in an kira su.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naka,
Tsohon odita,
daga Malumfashi.